Ellington at Newport

Ellington at Newport kundin kiɗan jaz ne na makaɗi Duke Ellington da ƙungiyarsa, wanda aka naɗa kai tsaye a bikin jaz na Newport, jihar Rhode Island ta Amurka, a daren 7 ga Yuli, 1956. Kamfanin Columbia ne ya fitar da shi a faifai a wannan shekarar.

A lokacin tauraron Duke Ellington ya fara dusashewa, don kasuwar manyan ƙungiyoyin makaɗa ta ja baya. Daren nan ne ya farfaɗo da shi. Ana tsakiyar kiɗan "Diminuendo and Crescendo in Blue" sai mai busa saksofon, Paul Gonsalves, ya kama busa zagaye 27 babu tsayawa. Wata mata cikin baƙar riga ta miƙe tana rawa, nan da nan wuri ya kaure, jama'a suka hau kan kujeru suna sowa. Kafin watan Agusta ya ƙare, hoton Ellington ya hau bangon mujallar Time.

Sai dai faifan farko bai tsarkaka ba: an sake kaɗa wani sashe a situdiyo, aka ɗora masa tafin ƙarya. Busar Gonsalves kuwa ba ta fito sosai ba, saboda makirufo ɗin gidan rediyon Muryar Amurka, wanda shi ma yake naɗar wasan, ya fuskanta, ba na Columbia ba.

Da aka gano kaset ɗin Muryar Amurka, mai shirya faifai Phil Schaap ya haɗa shi da na Columbia, aka fitar da cikakken wasan a faifan CD biyu a 1999. Wannan bugu shi ya fi cancanta a saurara.