Zambar Ashirin: Lissafin Wuri a Ƙasar Damagaram

Kafin Faransawa su ci Damagaram a 1899, wuri shi ne kuɗin da ake ciniki da shi a kasuwannin ƙasar. Babban ma'auninsa kuwa shi ne jaka ko keso, watau wuri 20,000, abin da Hausawa ke kira zambar ashirin. Wannan adadi ya cancanci nazari, domin ya nuna yadda tsarin ƙirga ya ginu a kan bukatun fatauci.

Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya iso Damagaram a ƙarshen 1852, ya ga yadda ake ƙidayar wuri a Tasawa, yamma da Damagaram, a farkon 1851. Mai ƙidaya yakan ja wuri biyar-biyar da yatsunsa. Ja huɗu ne hauya, watau 20. Hauya goma ce metan, watau 200. Tsibi biyar na metan su ne dubu. Ashe ke nan a cikin jaka guda akwai ja 4,000, ko hauya 1,000, ko tsibin metan 100, ko tsibin dubu 20, kuma babu inda wuri ɗaya zai yi saura.

Dalilin haka yana cikin ginin adadin kansa. Idan aka warware 20,000, biyu da biyar kaɗai za a tarar, domin 32 sau 625 ne. Adadai 30 ne ke raba shi daidai, amma uku ba ya cikinsu. Saboda haka rabi da rubu'i da sumuni suna fita cif: 10,000 da 5,000 da 2,500. Sulusi kuwa ba ya fita, don kowa zai sami 6,666, wuri biyu su rage. Sumunin nan, watau 2,500, shi ne canjin dalar azurfa guda a Kano a 1851, wanda ya sa jaka ta yi daidai da dala takwas.

Wuri ya tafi, amma kalmominsa ba su tafi ba. A Nijar, dala ta koma sunan faran biyar na sefa, jaka kuma faran 1,000, watau dala metan. Wanda ya ga an rubuta 20,000 a takarda, a kasuwa jaka ashirin zai ce, ko dala dubu huɗu.

A nan ne wajibin masu tsara yaƙi da jahilci yake. Baligin da ya shiga aji ba lissafi ya rasa ba, domin da ka yake yinsa kullum. Abin da ke ruɗa shi shi ne alƙaluman da aka rubuta sun ninka abin da bakinsa ke faɗi sau biyar. Ya kamata littattafan koyo su bambanta ƙirgan kuɗi da ƙirgan abubuwa tun daga darasi na farko.