Daga Guga zuwa Famfo: Tarihin Ruwan Sha a Ƙasar Matamaye

Garin Matamaye, cibiyar gundumar Kance a jihar Damagaram, yana bisa hanyar da ta taso daga Takeita ta nufi Daura da Kano. Ƙasa ce ta rairayi, amma a kwaruruka irin na Korama ruwa yana kusa, shi ya sa ake noman rake da rogo da kayan lambu da rani. Don haka tambayar da ta daɗe tana damun mutanen yankin ita ce: wa zai haƙa rijiya, wa kuma zai gyara ta idan ta lalace?

A zamanin da, ba a kafa gari sai an tabbatar da ruwa. Mai gari kan kira gayya, magina su haƙa, a tokare bakin rijiya da itace don kada rairayi ya rufta. Idan ta cushe, samari su shiga su yashe ta. Kowane gida da gugansa da igiyarsa, babu mai biyan ko anini. Da damina kuwa jama'a kan koma ga tafki, kuma daga nan ne kurkunu ke kama manoma daidai lokacin da gona ta fi bukatar su.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar OFEDES a 1963. Ita ce ta yaɗa rijiyar siminti mai faɗin mita 1 da santimita 80, wadda ba ta ruftawa kamar ta gargajiya. Ci gaba ne babba, sai dai ya zo da wani sabon hali: rijiyar da gwamnati ta gina, gwamnati ake jira ta gyara.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun janyo hankalin ƙasashen duniya ga Sahel. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha, aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse, ƙasar Danemark na cikin manyan masu tallafa wa Damagaram. Aka kakkafa famfon Vergnet da ake takawa da ƙafa, da India Mark II na hannu. Amma famfo ba guga ba ne: idan ƙarfe guda ya karye, sai an sayo wani da kuɗi. Da yawa suka tsaya, mata suka koma tsohuwar rijiya.

Daga nan aka fito da kwamitin kula da ruwa a kowane ƙauye, mai shugaba da ma'aji da mai sayarwa, aka kuma horar da masu gyara. Nan gardama ta tashi, domin a ganin dattawa ruwa na Allah ne, ba a sayar da shi. Masu tsarin suka amsa cewa kuɗin na gyara ne. Inda aka riƙe asusu da amana famfo ya ɗore; inda aka ranci kuɗin don biki ko sayen hatsi, ya mutu.

Birane sun bi wata hanya dabam. A 1987 aka kafa kamfanin ƙasa na SNE. A 2001 aikin ya koma hannun SPEN, mai mallakar kayan aiki, da SEEN, mai rarraba ruwa da karɓar kuɗi, kafin kamfanin NDE ya gaji SEEN a farkon 2024. Ƙauyuka kuwa, bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da dokar ruwa ta 2010, nauyinsu ya hau kan magadan gari, waɗanda suka riƙa damƙa tankuna da famfuna ga ƴan kasuwa bisa yarjejeniya.

Ribar wannan doguwar tafiya a fili take: a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa kurkunu ya ƙare a Nijar. Amma tsohuwar tambayar tana nan, ko da injin mai aiki da hasken rana ne ke jan ruwan. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. A ƙasar Matamaye gugan yau shi ne asusun gyara, kuma garin da ya san mai riƙe da shi, ya kuma nemi a karanta masa lissafi a bainar jama'a, shi ke kwana da ruwa a randa.