Fasahar koyarwa a kwalejojin ƙaro ilimi na Ingila

Kwalejojin ƙaro ilimi a Ingila dai su ne ke karɓar matasa daga shekara 16, da manya masu neman sana'a.

Da yawansu sun rungumi Moodle, manhajar kyauta da Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, inda malami ke ɗora darasi, ɗalibi kuma ya miƙa aikinsa ta intanet.

Sai dai sayen kwamfuta ya fi horar da malamai sauƙi. Ga shi kuma a 2011 gwamnati ta rufe Becta, hukumar da ke ba su shawara.

Annobar korona ce ta tilasta musu komawa intanet a 2020, lamarin da ya bar ɗaliban da ba su da kwamfuta a gida a baya.