Kifin Kaf da Ruwansa: Tarihin Darasin da Aka Daɗe Ana Koya

Yau za mu leƙa tarihin kifin kaf, ɗaya daga cikin kifayen da ɗan Adam ya fi daɗewa yana kiwo, mu ga yadda aka gano cewa ruwan da ke raya shi yana iya zama ajalinsa.

A ƙasar Sin labarin ya faro. Ana danganta rubutu mafi tsufa a kan kiwon kifi ga Fan Li, wani bafaden da ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a kan kaf ya yi shi. A zamanin daular Tang (618 zuwa 907) aka hana cin wannan kifi, saboda sunansa da na gidan sarautar, wato Li, furucinsu ɗaya. Masu kiwo suka koma ga wasu 'yan'uwansa, suna haɗa iri daban-daban a tafki guda, wani na cin ciyawa, wani na kiwo a ƙasan ruwa. Hakan ya rage ragowar abincin da ke ruɓewa.

A Turai kuwa, yankin Bohemiya da ke Jamhuriyar Cek ta yau ya yi fice. A farkon ƙarni na 16 Štěpánek Netolický ya haƙa magudanar da ake kira Magudanar Zinariya, mai tsawon kilomita kusan 45, domin ta riƙa kai sabon ruwa tafkunan Třeboň. A 1547 Jan Dubravius ya wallafa littafinsa a kan tafkunan kifi. Mutanen nan ba su san sinadaran ruwa ba, amma ido ya nuna musu cewa ruwan da ya daɗe a kwance yana tsumburar da kifi.

Sai a 1929 dalili ya fito sarari. Wani masani ɗan Amurka, Homer Smith, ya sa kaf a akwati mai ɗaki biyu, kansa a ɗaya, sauran jikinsa a ɗaya. Ya tarar mafi yawan amoniyar da kifi ke fitarwa ta jan naman nan na ƙarƙashin kunnensa take fita, inda yake numfashi. Ke nan kifi a cikin dattinsa yake shaƙar iska. Idan amoniya ta taru a ruwa, ta cikin jininsa ba ta samun hanyar fita. Wurin numfashin ya lalace, kifin ya rage cin abinci, girma ya tsaya. Zafi da ƙaruwar kaifin kanwa a ruwa kuma suna ƙara mata dafi.

A 1937 August Krogh na Denmak ya nuna cewa kifin ruwan daɗi yana zuƙo gishiri daga ruwa da ƙarfin jikinsa. Gishirin jinin kaf bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku ba, wanda ke ɗauke da giram 35 a kowace lita. Idan gishirin tafki ya haura na jininsa, ruwan jikinsa ne zai riƙa tsiyayewa waje, abincin da ya kamata ya zama tsoka ya tafi wajen kare rai.

Abin mamaki, gishiri kaɗan magani ne. Ƙwayoyin bakteriya suna mayar da amoniya wani sinadari mai suna naitirait, wanda idan ya shiga jini yake mayar da shi ruwan ƙasa-ƙasa, ya kasa ɗaukar iska. Ɗan gishirin da masu kiwo ke barbaɗawa yana tare masa hanyar shiga. Kome ya yi yawa dai ɓaci yake kawowa.

Iraƙi ta ɗanɗana wannan a 2018. A shekarar ruwan koguna ya ja baya, gishirin teku ya kutso kogin Shaɗɗul Arab har Basra. A ƙarshen Oktoba kuma miliyoyin kaf suka mutu a kejin kiwo na kogin Furat a lardin Babil. Gwaji ya nuna cutar bairos ce ta kashe su, amma cunkoso da gurɓataccen ruwa sun riga sun raunana su. Masu kiwo da yawa suka wayi gari jarinsu na yawo a saman ruwa.

Mu ma labarin ya shafe mu. Gonar kifi ta Panyam da ke Jihar Filato, wadda aka kafa a 1951, da kaf ɗin da aka kawo daga Turai ta yi suna. Yau tarwaɗa muka fi kiwo, a kwamin siminti da tankin roba, amma ita ma amoniya take fitarwa. Duk wanda ya cika kwami da kifi, ya yawaita abinci, ya yi jinkirin canza ruwa, zai gamu da abin da mutanen Bohemiya suka haƙa magudana domin kauce masa shekara 500 da suka wuce.