Lamba ta 61 da Lamba ta 39: Da Me Za a Auna Sanatan Zamfara ta Yamma?

Akwai wani ra'ayi da ya sami gindin zama a tsakanin masu nazarin siyasar Arewa, wanda wani malami daga cikin abokan aikinmu ya fi kowa tsayawa a kansa, cewa idan ana neman misalin sanatan da ya juya akalar majalisa da ƙarfin hujja, ya kuma wakilci zukatan mutanensa, to a dubi abin da Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura, mai wakiltar Zamfara ta Yamma daga 2007 zuwa 2019, ya yi a zauren Majalisar Dattawa ranar 16 ga Yuli 2013. Ƙissar sananniya ce. Kwamitin gyaran kundin tsarin mulki na Ike Ekweremadu ya nemi a soke sashe na 29(4)(b), aka kaɗa ƙuri'a aka amince, Yarima ya miƙe ya ce sokewar ta saɓa wa shari'ar Musulunci, shugaban majalisa David Mark ya yarda a sake ƙuri'a, sai aka sami 60 na son a soke, 35 ba sa so, alhali 73 ake bukata. Sashen ya zauna daram.

Ban yi musun cewa an ga tasiri a ranar ba. Abin da nake ja da malamin a kansa shi ne danganta tasirin ga ƙarfin hujja, domin da an natsu an karanta nassin da ake jayayya a kansa, da an ga cewa sashe na 29 magana yake yi a kan wanda ke son ya ajiye zamansa ɗan Najeriya, ya sharɗanta masa cika shekara 18, sa'an nan ya ƙara da cewa matar aure ana ɗaukarta a matsayin wadda ta cika shekaru game da wannan al'amari kaɗai. Babu ƙayyade shekarun aure a ciki, babu halattawa, babu haramtawa. Saboda haka jaridun da suka yi ta shela cewa majalisa ta halatta auren ƙananan yara sun yi kuskure, kuma waɗanda suka yi kabbara cewa an kare shari'a, a ganina, kuskuren nan suka yi ta ɗaya gefen.

Malamin zai ce ai Yarima bai dogara da son rai ba, ya kawo lamba ta 61 a jadawali na biyu, wadda ta ba majalisar tarayya hurumin yin doka a kan aure, amma ta togace auren Musulunci da na gargajiya. Wannan ita ce mafi ƙarfin abin da ke hannunsa, don haka ta cancanci a daɗe a kanta. Jadawalin nan iyaka yake shatawa ga ikon yin dokoki na yau da kullum wanda sashe na 4 ya bayar, wato yana raba aiki tsakanin tarayya da jihohi, amma gyaran kundin kansa yana ƙarƙashin sashe na 9, wanda ke da nasa sharuɗɗa: kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Wanda ya ɗauki togaciyar da aka yi wa ƙaramin iko ya ɗora wa babba ya yi ƙiyasi alhali akwai bambanci tsakanin asali da reshe, kuma malaman usulu sun daɗe da bayyana hukuncin irin wannan ƙiyasi. Bugu da ƙari, ko da mun sallama masa cewa togaciyar ta hau kan sashe na 9, ai ajiye zama ɗan ƙasa ba ƙulla aure ba ne, ba kuwa warware shi ba.

Sai kuma tambayar da, a iya fahimtata, ta fi nauyi: shin ƙa'idar cewa aure kaɗai na mai da yarinya mai cikakken ikon kanta daga fiƙihu ta fito? A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Anka da Gummi ke hukunci da ita, balaga daban, rushdi daban. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta rataya miƙa wa maraya dukiyarsa a kan ganin rushdinsa, kuma a babin hajru na Muhtasar na Halilu ba a sakar wa mace tasarrufi a dukiyarta don an ɗaura mata aure kawai, sai ta tare, adilai kuma sun shaidi kyawun tattalinta. Idan sayar da gonarta na bukatar wannan taka-tsantsan, yaya za a ce rabuwa da ƙasarta baki ɗaya ba ya bukata? A ɗaya ɓangaren, lafazin sashen ya yi kama ƙwarai da na dokar zama ɗan ƙasa ta Ingila ta 1948, a babinta na ajiye ɗan-ƙasanci. Ba zan ce wannan ya yanke magana a kan asalinsa ba, amma alama ce mai ƙarfi cewa abin da aka tsaya karewa da sunan addini gadon lauyoyin Ingila ne.

To me ya kawo nasarar? Lissafi ne da tsoro. Inda ake neman 73 daga cikin 109, mai son hanawa ba ya bukatar rinjaye, ya ishe shi wasu 'yan kaɗan su ja da baya, kuma sanatan Arewa da aka ce masa ƙuri'arsa za ta zama adawa da shari'a ba zai tsaya binciken babin hajru ba kafin ya latsa maɓalli. Wannan gwaninta ce ta siyasa, na yarda, sai dai malamin ya ba ta sunan da ba nata ba.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata ga abin da dalili ya iya ɗauka. Ba hukunci nake yanke wa shekaru 12 na Yarima a majalisa ba. Cewa nake yi ma'aunin da ke fifita rana guda ta hayaniya a zaure ma'auni ne mai tauye mudu, kuma mazaɓar da ake magana a kanta ita ce shaida. A jadawalin nan dai, lamba ta 39 ta sa ma'adinai a hannun tarayya kaɗai, sashe na 44(3) ya mallaka mata su, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta tsara haƙarsu. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Maza na kawo duwatsun zinariya gida cikin buhuna, a dandaƙa su a tsakar gida, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya garin inda jarirai ke rarrafe, alhali dutsen cike yake da dalma. Yaro ya fara amai, sai jijjiga, sai rasuwa. Sama da yara 400 suka tafi, kuma binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna kusan ɗaya bisa huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara guda. Tsakanin 2010 da 2011 aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Guru da Sunke da Tungar Daji da Duza, aka zuba sabuwa, domin maganin da ke fitar da gubar daga jini ba shi da amfani muddin yaro zai koma cikin ƙurar.

Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta yi ta jira. A watan Mayu 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, ba a saki kuɗin ba sai ƙarshen Janairu 2013, bayan matsin lamba daga matasa 'yan fafutuka da ƙungiyar Human Rights Watch, da kuma kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa wanda Bukola Saraki na Kwara ke shugabanta a lokacin. Malamin zai ce sakin kuɗi aikin ɓangaren zartarwa ne. Haka ne, amma majalisa ce ke amincewa da kasafi, sashe na 88 kuma ya ba ta ikon bin diddigin yadda aka kashe shi, kuma ta wannan ƙofa, ba ta jawabin zaure ba, aka ji amon majalisar a Bagega. Kiyaye rai da hankali da zuriya suna cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, gubar dalma kuwa dukkan ukun take ci.

Ina kira ga malamin, da ɗaliban da ke rubuta kundayen digiri a kan wakilcin Zamfara ta Yamma tun daga Yusha'u Anka har zuwa Abdul'aziz Yari, su nemi rahotannin kwamitoci da takardun kasafi na 2010 zuwa 2013, su jera su kusa da rubutaccen bayanin zaman majalisa, sa'an nan su yanke hukunci.