Daga Kukawa zuwa Amurka ta hanyar Birnin Zinder: sawun Muhammad Ali ɗan Sa'id

1. Gabatarwa

Idan ana zancen tarihin Damagaram, galibi ana ambaton sarakuna, da fada, da ganuwar da Tanimun (1851-1884) ya kewaye Birni da ita. Ba safai ake tunawa da bayin da aka ratsa da su cikin garin zuwa arewa ba. A wannan ɗan rubutu za mu bi sawun ɗaya daga cikinsu, wanda Amurkawa suka sani da suna Nicholas Said, domin mu ga yadda ake tabbatar da asalin mutumin da ya bar gida ba da sonsa ba.

2. Abin da shi kansa ya faɗa

Labarinsa ya fito sau 2: a mujallar Atlantic Monthly a 1867, sannan a littafin da aka buga a Memphis a 1873. An haife shi a Kukawa wajejen 1836. Yana saurayi Buzaye suka kama shi, aka sayar da shi a Katsina, ayari ya biyo da shi ta Zinder, ya ƙetare hamada zuwa Murzuk da Tarabulus. Daga Istanbul ya koma Rasha, inda aka yi masa baftisma a 1855, ya ɗauki suna Nicholas. Ya isa Amurka a 1860.

A lokacin da ya ratsa Zinder, Damagaram tana biyan haraji ga Borno. Ke nan ɗan Kukawa ya wuce a matsayin haja cikin ƙasar da ke bin Shehunsa. Baturen nan James Richardson, wanda ya zauna Zinder a farkon 1851, zamanin sarki Ibrahim, ya bayyana yadda ake kai hari ƙauyuka ana komowa da bayi.

3. Shaidar sunaye

A matsayinmu na masu nazarin harshe, rubutun sunaye ya fi jan hankalinmu. Mujallar 1867 ta rubuta Bornoo, bisa ƙa'idar Ingilishi. Littafin 1873 kuwa ya kawo Bornou, Kouka, Soudan, watau da ou na Faransanci, harshen da ya ƙware a cikinsa har ya koyar da shi. Haka kuma yana kiran Buzaye da Kindil, kalmar da ta yi daidai da Kindin ta Barebari. Wannan alama ce ta wanda ya tashi a Borno.

Mahaifinsa, in ji shi, Barka Gana ne, babban jarumin Shehu Laminu. Denham, wanda ya raka Barka Gana yaƙin Mandara a 1823, ya yi dogon bayani a kansa cikin littafinsa na 1826. Sai dai a nan dole mu yi hattara. Littafin Denham ya yaɗu a Turai tun kafin Sa'id ya isa can; don haka daidaituwar suna tana ƙarfafa zance, amma ita kaɗai ba ta isa hujjar dangantaka ba.

4. Abin da ya ɓoye

Takardun sojan Amurka sun nuna cewa a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙar fata, ya yi yaƙi a ɓangaren Arewa, har ya kai muƙamin saje. Littafin 1873 bai ce komai ba game da haka. A ganinmu dalili a fili yake: a Kudu aka buga shi, shekara 8 kacal bayan yaƙin, tsakanin waɗanda suka sha kashi.

5. Kammalawa

Labarin mutum daga bakinsa mafari ne kawai. Sai an gwama shi da takardun hukuma, da rubutun matafiya, da shaidar harshe. Muna kira ga ɗalibanmu su ƙara da na huɗu: abin da tsofaffin Birni da Zango suka riƙe game da ayarin Tarabulus, tun suna nan.