Kazar Dutse da Ƴar'uwarta ta Kurmi: Nazari kan Maɓuya a Gangaren Dallol Boso na Baleyara

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta rayuwar kazar dutse, Ptilopachus petrosus, da ta ƴar'uwarta da ke kurmin Yuganda da Kwango, Ptilopachus nahani. Ta kafa hujjar cewa samun maɓuya a ƙasa ne ke yanke inda tsuntsayen biyu za su zauna fiye da yawan ruwan sama, sannan ta auna ƙasar Baleyara da wannan ma'auni.

Waiwaye

Gmelin ne ya fara ba kazar dutse sunan kimiyya a 1789. Ita kuwa ta kurmin, wadda za mu kira kazar Nahan, Dubois ya bayyana ta a 1905, ya jefa ta cikin dangin fakara. Hall ta bar ta a nan cikin babban nazarinta na 1963, kowa kuma ya bi sahu. Sai a 2006 Crowe da abokan aikinsa suka binciki ƙwayoyin gado, suka gano kazar Nahan ba fakara ba ce: ita da kazar dutse ciki ɗaya suka fito, kuma danginsu na kusa suna nahiyar Amurka, cikin zuriyar Odontophoridae. Cohen da abokansa sun ƙarfafa hakan a mujallar Ibis a 2012, suka haɗa da shaidar kuka da ɗabi'a. A 2013 aka ware musu reshe na kansu, Ptilopachinae.

Wannan magana ta zauna. Inda nake da ja shi ne al'adar karanta mazaunin tsuntsu daga taswirar ruwan sama, a ce wannan na kurmi ne, wancan na sahel ne, shi ke nan. Jerin tsuntsayen Nijar da Giraudoux da abokansa suka buga a mujallar Malimbus a 1988 aiki ne mai daraja, amma jeri yana faɗin inda aka ga tsuntsu ne kawai. Dalilin zamansa a wurin wata tambaya ce daban.

Hanyar bincike

An kwatanta abin da aka buga kan siffa, kuka da sheƙar tsuntsayen biyu, sannan aka dubi fasalin ƙasar Baleyara.

Sakamako

Kowacce cikin tsuntsayen biyu tsawonta bai wuce santimita 28 ba. Dukansu suna da jar fata tsirara kewaye da ido da jajayen ƙafafu, ba su da tsinin bayan ƙafa irin na zakara, wanda namijin fakara yake da shi. Sukan ɗaga jela sama in suna tafiya, su yi kiwo ƴan tsiraru tare, su haɗa baki wurin kuka. In an firgita su, gudu suka fi yi da tashi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne sheƙa. A kurmin Budongo na Yuganda, binciken Eric Sande ya nuna yawancin sheƙun kazar Nahan a ƙasa suke, a lungun da ke tsakanin manyan saiwoyin nan da ke tasowa daga gindin tsofaffin itatuwa. Kazar dutse kuwa tana tona ɗan gurbi a gindin dutse ko ƙarƙashin tushen ciyawa, ta yi ƙwai huɗu zuwa shida. Saiwa da dutse aiki ɗaya suke yi: bango a baya, rufi a sama, kafar tserewa a gefe. Ruwan da Budongo ke samu a shekara ya ninka na Baleyara aƙalla sau uku, amma tsarin ɗakin bai sauya ba. Shi ya sa sare manyan itatuwa ke cutar da kazar Nahan ko da kurmin na nan kore shar, shi ya sa kuma kazar dutse ta iya bazuwa daga Senegal har Habasha, tana bin tsaunuka da kwazazzabai masu sarƙaƙiya.

To, mu dawo gida. Baleyara na cikin Dallol Boso, tsohon kwarin kogin da ya ƙafe, kimanin kilomita 100 arewa maso gabas da Yamai a kan hanyar Filinge da ƙasar Kurfai. Cikin kwarin rairayi ne da gonakin hatsi da gawo da goriba. Wannan wurin fakara ne. Wurin da ya dace da kazar dutse shi ne gangaren da tudun marmara ya karye, inda duwatsu suka zube, geza da sabara suka rufe su. Su ne kuma itatuwan da ake sarewa don girki, wasu a ɗora a mota zuwa Yamai. Dutse ba ya zuwa ko'ina, amma dutsen da aka tsiraita ya daina zama maɓuya. An sa Dallol Boso cikin jerin wuraren kiyayewa na yarjejeniyar Ramsar a 2004 saboda dausayinsa, raƙuman dawa na Kure kuma sun kwashe sauran hankalin masu bincike. Gangaren ya zama maraya.

Iyakar binciken

Za a ce kwatancen rubuce-rubuce ne, ba ƙidaya ba. Haka ne: ba a ƙirga tsuntsu a Baleyara ba, kuma matsalar tsaro a jihar Tilaberi ta taƙaita fita daji. Za a kuma ce farauta na da nata kaso. Tana da shi, sai dai mafarauci ya fi samun tsuntsun da ya rasa wurin ɓuya.

Duk wanda zai ƙirga kazar dutse a Baleyara ko Filinge ya bar cikin kwari, ya hau gangare da asuba lokacin da take kuka, ya kuma auna yawan gezar da ta rage a kan duwatsun. Jami'an kula da gandun daji su ma su sa wannan gangare cikin wuraren da ake taƙaita sara.